Lalacewar jijiyoyi ga masu ciwon suga: Yadda take farawa da waɗanda suka fi shiga haɗari

Daga cikin illolin da ciwon suga ke jawowa idan ya daɗe a jiki, babu wadda ta kai lalacewar jijiyoyi yawa. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan rabin masu ciwon za su gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu. Ita ce kan gaba wajen share wa gyambon ƙafa hanya, gyambon kuma shi ke kai wa ga yanke yatsa ko ƙafar ɗungurungum. Duk da haka ba a cika maganarta ba kamar makanta ko ciwon ƙoda, domin ba ta cika kwantar da mutum a farko ba. Ɗan kasuwa zai ci gaba da buɗe shagonsa, ma'aikaci zai ci gaba da zuwa ofis, alhali tafin ƙafarsa ya fara daina jin abin da yake takawa.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abubuwa da dama. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ma jijiya ce. Wadda ake nufi a nan ita ce jijiyar saƙo, wato fararen zarurrukan da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya su bazu cikin jiki. Wasu daga cikinsu su ke kai labarin zafi da sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, wasu su ke kai wa tsoka umarnin motsi, wasu kuma suna tafiyar da ayyukan da mutum ba shi da iko a kansu, irin bugun zuciya da narkar da abinci da fitar da gumi. Suga idan ya yi yawa a jini na tsawon shekaru yana iya taɓa dukkan rukunonin uku. A asibiti ana kiran wannan matsala niyurofati.

Me ya sa ake fara ji a ƙafa?

Yawan suga yana cutar da jijiyar saƙo ta fuska biyu. Yana shiga cikin jijiyar kanta ya rikiɗe ya zama wasu sinadarai da ke taruwa suna gurɓata ta. Yana kuma lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita, su yi kauri su tsuke, abinci da iska su ragu. Jijiyar da ta fi tsawo ita ta fi wahalar ciyarwa, kuma mafi tsawo a jikin ɗan Adam ita ce wadda ta taso daga ƙugu ta sauka har babban yatsan ƙafa, wadda kan kai kimanin mita ɗaya. Shi ya sa ɓarnar ke farawa daga kan yatsun ƙafa, ƙafafu biyun a tare, ta riƙa haurowa sannu a hankali zuwa idon sawu da ƙwauri. Lokacin da ta kusa kai wa gwiwa, sai yatsun hannu su ma su fara. Wurin da abin ya shafa yakan yi daidai da inda safa ke rufewa a ƙafa da hannu.

Yadda ake jin ta ya bambanta. Wani zai ce tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, wani ya ce ana tsira masa allurai, wani ya ce kamar minjirya ko tafiyar kiyashi. Akwai mai jin kamar yana tafiya a kan auduga, ko kamar akwai tsakuwa a takalminsa alhali babu komai. Raɗaɗin ya fi tsananta da dare, har wani ba ya iya jure taɓin mayafi. Masu irin wannan raɗaɗi sun kai kimanin ɗaya cikin biyar na masu ciwon suga.

Sai dai waɗanda suka fi zama cikin haɗari su ne waɗanda ba sa jin komai. Kusan rabin masu lalacewar jijiyoyin ƙafa ba su da wani koke da za su kai wa likita, ƙafar ce kawai ta mutu ba su sani ba. Akwai ma wanda zai sha raɗaɗi na shekaru, wata rana ya ga ya lafa, ya yi hamdala ya ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa. Alama ɗaya da ake yawan rainawa ita ce silifa ta riƙa suɓucewa daga ƙafa mutum na tafiya bai ankara ba.

Jama'ar ƙasar Sakkwato sun san irin wannan a wata cutar daban. Shekara da shekaru ana kai masu kuturta asibitin Amanawa, kuma an daɗe ana zaton cutar ce ke cinye yatsu. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a kudancin Indiya, shi ya nuna cewa yawancin asarar yatsun daga raunukan da mai cutar ba ya ji take fitowa: ƙuna da sartse da gogar takalmi, ana yi ana maimaitawa a wuri guda. Da ya koma aiki a Amurka, sai ya nuna cewa ƙafar mai ciwon suga hanya ɗaya take bi. Dabarun da ake kare ƙafar mai suga da su a yau, da yawansu daga wancan aiki suka samo asali.

Sauran sassan jiki

Idan jijiyoyin da ke tafiyar da kayan ciki suka taɓu, alamun sukan ɓad da kama har a ɗauka wata cuta ce daban. Mutum zai miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi saboda jininsa ya sauka. Zuciya za ta riƙa gudu ko yana zaune. Abinci zai daɗe a ciki, a ci kaɗan a ji an cika, ga kumburi da tashin zuciya. Wani bayan gida ke ɗaure masa, wani gudawa ke tashinsa cikin dare. Mafitsara kan kasa juye fitsari duka, ragowar ya zama matattarar ƙwayoyin cuta. Ga maza kuma akwai raunin mazakuta, wanda a ƙasar Hausa aka saba ɗora wa basir ko sanyi, a yi ta kashe kuɗi wajen masu tallar magani a mota ranar kasuwa, ba tare da an taɓa auna suga ba.

Abu biyu a wannan rukuni sun fi tayar da hankali. Mai irin wannan matsala zai iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da aka sani ba. Zai iya kuma daina jin alamun faɗuwar suga, wato rawar jiki da gumi da faɗuwar gaba, sai dai kawai a ga ya rikice ko ya suma. Wanda ke allurar insulin kuma ya lura da haka a tare da shi, wajibi ne ya ga likita kafin ya ɗauki azumi.

Akwai kuma nau'in da ke kama jijiya guda farat ɗaya: fatar ido ta sauko ta rufe, ko a riƙa ganin abu biyu-biyu, ko cinya ɗaya ta kama zugi tsokar ta zube har tashi daga tabarma ya gagara. Waɗannan sukan firgita iyali, amma mafi yawansu suna samun sauƙi cikin watanni.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Daɗewar ciwon ita ce ta farko. Wani likita a ƙasar Beljiyam, Jean Pirart, ya bi diddigin masu ciwon suga 4,400 tsakanin 1947 da 1973. Ya tarar kimanin kashi 8 cikin 100 suna da lalacewar jijiyoyi tun ranar da aka gano ciwonsu, bayan shekara 25 kuma adadin ya kai kusan rabi. Abin lura a nan shi ne, jiki ba daga ranar da asibiti ya ba da sakamako yake fara lissafi ba. Ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ne na yawancin manya, yakan yi shekaru a ɓoye kafin a gano shi. Inda ba a saba zuwa awo ba sai ciwo ya kayar da mutum, da yawa gyambon ƙafa ne ke fara kai su asibiti, a can ne za su fara jin cewa suna da suga.

Na biyu shi ne yawan sugan kansa. Awon da ake yi da ɗigon jini a yatsa yana nuna halin da ake ciki a wannan sa'a ne kawai. Wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku shi ne gwajin HbA1c, kuma ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa tsananta kula da suga ya rage aukuwar lalacewar jijiyoyi da kimanin kashi 60 cikin 100.

Ga masu nau'i na biyu kuwa, saukar da suga shi kaɗai bai ba da irin wannan kariya mai yawa ba, kuma nan ne mutane da dama ke yin kuskure. Wani bincike da Farfesa Solomon Tesfaye, ɗan asalin Habasha da ke aiki a Ingila, ya jagoranta, aka buga a 2005, ya bi mutum 1,172 a ƙasashen Turai na tsawon shekara bakwai da 'yan watanni. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun kamu. Da aka ware tasirin suga da daɗewar ciwo gefe, sai aka ga hawan jini da yawan kitse a jini da ƙiba da shan taba kowannensu yana ƙara haɗarin da kansa. Dalilin a fili yake, tunda duk abin da ke tsuke hanyar jini yana rage wa jijiyar saƙo abinci. Saboda haka wanda ya daina shan suga a shayi amma ya bar hawan jininsa ba magani, ga teɓa, ga sigari, rabin aikin kawai ya yi.

Shekaru ma suna da nasu rabo, haka tsawon jiki, domin dogon mutum jijiyarsa ta fi tsawo. Ciwon ƙoda yana tara dafi a jini wanda ke ƙara cutar da jijiya. Barasa kuwa ko babu suga tana lalata ta.

Akwai wani dalili da ya kamata masu shan magani su sani. Metfomin, wanda shi ne maganin da aka fi bai wa masu nau'i na biyu, idan aka daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12 a jiki, ƙarancin wannan bitamin kuma yana kawo mutuwar ƙafa iri ɗaya da ta suga. Wannan ba hujja ba ce ta ajiye maganin, domin amfaninsa ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba. Abin da ake so shi ne wanda ya shekara huɗu ko biyar yana sha ya nemi a auna masa bitamin ɗin, tunda gyaran mai sauƙi ne. Isoniyazid da ke cikin maganin tarin fuka shi ma yana taɓa jijiya, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Kuturta ma har yanzu ba ta ƙare ba, don haka ba kowace mutuwar ƙafa ce za a ɗora wa suga ba sai likita ya duba.

Halin da ake ciki a gida

Ƙididdigar da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka tattara a 2018 ta nuna cewa kimanin kashi 5.8 cikin 100 na 'yan Najeriya na da ciwon suga, kuma Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙaranci, kashi 3. Wannan adadi na iya sa a saki jiki, amma binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi ƙarƙashin Dokta Anas Sabir ya nuna inda gizo ke saƙa. A tsakanin Fulanin ƙauyukan Jihar Sakkwato, masu ciwon ba su kai ɗaya cikin 100 ba. A tsakanin 'yan uwansu mazauna birnin Sakkwato kuwa, sun kai kashi 4.6. Jini ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne zama da cima.

Wannan sauyi ba a babban birni kaɗai yake faruwa ba. Garin Illela da ke bakin iyaka da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, da mazaɓunsa irin su Gidan Katta da Kalmalo da Araba, wuri ne da noma da fatauci suka haɗu. Wanda ya tashi yana huɗa da kiwo, idan Allah Ya buɗa masa ya zama dillali a kara ko mai shago ko direban babbar mota, sai yini ya koma na zama, tafiya ta koma kan babur, shayi mai kauri da lemon kwalba da farar shinkafa su maye gurbin fura da tuwon gero. Irin waɗannan magidanta, masu shekara arba'in zuwa sama, su ne ciwon ya fi kamawa, kuma su ne waɗanda gida ya dogara da ƙafarsu.

Binciken da aka yi kan masu ciwon suga 531 a manyan asibitoci bakwai na ƙasar nan, aka buga a 2012, ya samu alamun lalacewar jijiyoyi a jikin kashi 59 cikin 100. Wani kuma da aka yi tsakanin 2016 da 2017 a asibitoci shida, har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya bi mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sai da aka yanke musu wani sashe, ɗaya cikin biyar kuma bai fita asibitin da rai ba. Waɗannan alƙaluma na waɗanda suka samu isa babban asibiti ne.

Yanayin ƙasar Sakkwato kuma bai yi wa matacciyar ƙafa sauƙi ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, rairayi da daɓen siminti su yi zafin da mai lafiya ba zai iya tsayawa a kai ba, amma wanda ƙafarsa ta mutu zai tako daga inda ya ajiye takalmi har cikin sahun Juma'a, sai da yamma a ga tafin ya yi bororo. Alhazai ma sukan gamu da haka a ƙasa mai tsarki. Da hunturu sai a jawo kaskon wuta a miƙa ƙafa, ko a tsoma ta a ruwan zafi. Fata kuma ta bushe saboda jijiyoyin gumi sun daina aiki, faso ya buɗe a diddige ya zama ƙofar ƙwayoyin cuta. Ga ƙaya a gona, ga salansar babur, ga mai yankan farce na kasuwa da ke bin kanta da kaushi da reza. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya zama mafarin gyambo. Idan kuma ciwon ya ƙi warkewa aka ce sammu ne ko an taka wani abu, aka kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, to an ƙara rauni a kan rauni.

Yadda ake ganowa

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a duba ƙafar mai nau'i na biyu tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na ɗaya kuma bayan shekara biyar, daga nan kowa sau ɗaya a shekara. Gwajin ba ya bukatar na'ura mai tsada. Akwai wani siririn zaren roba mai kama da na fatsa, wanda ke lanƙwashewa idan nauyin da aka danna ya kai giram 10. Ana dangwala shi a wurare daban-daban na tafin ƙafa mutum na rufe da ido. Akwai kuma ƙarfe mai baki biyu da ake kaɗawa a ɗora a babban yatsa, a ji ko mutum na jin karkarwarsa. A asibitin da layi ya yi tsawo, likita ba lallai ya tuna ba, saboda haka ya kyautu majinyaci ya cire takalmi da safa da kansa ya ce a duba masa.

Likitocin asibitin Ipswich da ke Ingila sun fito da wata hanya da za a iya yi a gida. Mai ciwon zai kwanta ya rufe ido. Wani daga cikin iyalinsa zai ɗora kan yatsansa manuni a hankali, na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a kan babban yatsan ƙafa da na tsakiya da ƙaramin, a ƙafafu biyun, ba dannawa ba sosawa, kuma ba a maimaitawa. Duk inda ya ji sai ya ce ya ji. Idan ya kasa jin biyu ko fiye daga cikin shidan, ƙafar ta fara mutuwa, sai a nufi asibiti.

Magani da kariya

Jijiyar da ta riga ta mutu ba ta cika dawowa ba, kuma duk mai tallar da ya ce yana da maganin da ke farfaɗo da ita cikin mako biyu, kuɗin jama'a yake nema. Abin da ake iya yi shi ne a tsayar da ɓarnar inda ta kai: a daidaita suga, a sha maganin hawan jini da na kitse ba fashi, a rage ƙiba, a bar taba, a riƙa tafiyar ƙafa ta kimanin rabin sa'a a yawancin ranakun mako da takalmin da ya dace. Wanda sugansa ya daɗe a sama, a hankali ake saukar da shi ƙarƙashin kulawar likita, domin faɗuwar gaggawa ita ma kan tayar da raɗaɗin jijiya.

Raɗaɗin yana da magunguna, irin su amitiriftilin da dulokzetin da firegabalin da gabafentin, waɗanda likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa. Farasitamol ba ya yi masa wani abin kirki. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a kemis ana sha kullum suna iya ƙarasa ƙodar da suga ya riga ya raunana, tiramadol kuwa an ga abin da ya yi wa matasan Arewa.

Sauran aikin na kullum ne, kuma Musulmi yana da damar da wasu ba su da ita, tunda sau biyar yake wanke ƙafarsa a yini. Abin da ya rage shi ne wankin ya zama da kallo: a duba tafi da diddige da tsakanin yatsu, a nemi tsagewa ko bororo ko canjin launi, wanda idonsa ya raunana ya sa ɗansa ko matarsa su duba masa. A tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a shafa man kaɗanya ko basilin a tafi da diddige ban da tsakanin yatsun. A taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu kafin a zuba wa ƙafa. A zazzage takalmi kafin a saka, a sayi sabo da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma kada a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Mata masu ƙunshi su sani cewa lalle kan ɓoye ja ko baƙin da ke nuna ciwo ya fara.

Idan aka ga rauni, komai ƙanƙantarsa, ba a jira ya yi zafi, domin ba zai yi ba. Haka idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da an bige ba, wannan kan iya zama alamar ƙasusuwan cikinta sun fara rugujewa, sai a daina taka ta nan take. Daga Gidan Katta, matakin farko shi ne Babban Asibitin Illela, a wanke ciwon a auna suga a ranar. Idan ya yi zurfi, ko yana wari, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa da ke Sakkwato ake nufa, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya, kuma a ranar ake kama hanya.